GAYA: Rahusa daga Yamai, tsada daga bakin gada

Tun daga shekarar 2024 magabatan ƙasa suka jera matakai na rage wa talaka nauyin rayuwa: an rage kuɗin mai, an rage kuɗin asibiti, an rage kuɗin siminti. Amma a Gaya, garin da ke cin abinci da iyaka, ba a ofis kaɗai ake yanke farashi ba. Kuma aljihun da ake ɗebo rahusa daga cikinsa, shi ne dai aljihun da ake jira ya gina aji, ya gyara hanya, ya haƙa rijiya.

Gari mai ƙofa uku

Masu iya magana sun ce kowa ya kwana lafiya shi ya so, amma wanda ya gina ɗakinsa a bakin hanya, barcinsa yana hannun matafiya. Haka Allah ya ajiye Gaya. Garin yana bakin kogin Kwara, a ƙasar Dandi, kimanin kilomita 150 kudu da Doso, kusan kilomita 300 daga Yamai. Idan mutum ya tsallaka ruwa ya shiga Malanbil ta ƙasar Benin. Idan ya yi gabas, ba da jimawa ba ya iske Kamba ta jihar Kabi a Najeriya. Ƙofa uku ke nan: ɗaya tana kallon teku, ɗaya tana kallon babbar kasuwar Najeriya, ta uku tana kallon cikin gida.

Tun 1958 gada ta haɗa Gaya da Malanbil. Shekara guda bayan haka aka kafa hukumar OCBN ta haɗin gwiwar ƙasashen biyu, wadda jirginta na ƙasa ya riƙa ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Faraku, kilomita 438, daga nan kamyo ya karɓa. Shekara da shekaru wannan ita ce hanya mafi kusa tsakanin Yamai da teku, tafiyar kilomita dubu da ɗoriya, kuma ta nan mafi yawan kayan da Nijar ke sayowa daga ƙetare suka riƙa shigowa. Shinkafa, man girki, sukari, atamfa, bosho, motoci na hannu, ƙarfen gini, magani: duka sai sun gaida duwan ɗin Gaya kafin su wuce.

Wani kaso mai yawa na kayan nan ma ba a Nijar yake tsayawa ba. A sauke shi cikin mangazojin Gaya, a biya harajin sake fitarwa, a juya da shi Najeriya. Masanin ƙasa Olivier Walther, wanda ya yi bincike kan kasuwannin Gaya da Malanbil da Kamba, ya nuna cewa manyan ƴan kasuwar wannan yanki da dama baƙi ne da iyaka ta jawo su. Ƙidayar jama'a ma shaida ce: garin da bai wuce mutum 15,000 ba a 1988 ya kai kimanin 45,000 a 2012. Iyakar da ta tara wannan jama'a kuwa, ita ce ke iya hana su barci.

Ba yau aka fara ba

Wanda ya yi shekara hamsin a Gaya ya ga tsada iri-iri, kuma kowace da ƙofar da ta shigo. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe su ba sai 1986. Rufewar ta zo daidai da fari, har jama'a suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El Buhari. Wannan tsada ta ƙofar gabas ta shigo.

Ranar 12 ga Janairun 1994, zamanin shugaba Mahamane Ousmane, aka karya darajar sefa da rabi. Tamma ɗaya ta Faransa da ake saye sefa 50 ta koma 100. Ɗan kasuwar da ya kwana da bashin kaya a Turai ya tashi da bashi ninki biyu. Ma'aikacin da dama yake bin gwamnati albashin watanni ya iske abin da ke hannunsa ya rage auki. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta yi ta yajin aiki. Wannan tsada ta ƙofar teku ta shigo.

A 2005 kuwa daga cikin gida ta taso. Gwamnatin shugaba Tandja Mamadou, da firaminista Hama Amadou, ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, har da ruwa da wuta. Ƙungiyoyin farar hula suka haɗu ƙarƙashin jagorancin Nouhou Arzika da abokansa, aka yi gagarumar zanga-zanga a Yamai ranar 15 ga Maris, aka bi ta da ranakun zaman gida da suka mayar da birane kamar an yi shara. Cikin watan Afrilu gwamnati ta janye harajin daga kan fulawa da madara, ta sassauta na ruwa da wuta ga masu ƙaramin ƙarfi. A 2008, da farashin abinci ya tashi a duniya baki ɗaya, an dakatar da harajin shinkafar waje na ɗan lokaci. Daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta sake rufe iyakokinta na ƙasa, mangazojin Gaya suka cika da kayan da babu mai ɗauka.

Darasin da ke cikin wannan jeri ɗaya ne. Duk lokacin da rayuwa ta yi tsada, makamin da ya fi kusa da hannun gwamnati shi ne ta yafe wani haraji ko ta biya wani kaso na farashi. Dukansu biyu kuwa daga baitulmali ake cire su.

Ranar da gada ta yi shiru

Abin da ya faru a 2023 ya haɗa ƙofofin uku a lokaci guda. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban Najeriya Bola Tinubu ya soke tallafin man fetur. Cikin ƴan kwanaki farashin lita ya ninka fiye da sau biyu, sana'ar ƴan ruwa-ruwa da ke sayar da mai a kwalba ta fara tangaɗi. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi daga kimanin 460 kan dalar Amurka ɗaya zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024, abin da ya karya ƙarfin masu sayen kayan Gaya daga can. Ranar 20 ga Yuli ƙasar Indiya, wadda ta fi kowa fitar da shinkafa a duniya, ta hana fitar da farar shinkafar da talakan Afirka ya saba ci.

Kwana shida bayan haka, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka kifar da gwamnatin shugaba Mohamed Bazoum, majalisar CNSP ta Janar Abdourahamane Tiani ta karɓi mulki. Ranar 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi: aka rufe iyakoki, aka tsayar da hulɗar kuɗi, Najeriya ta katse wutar lantarkin da ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke amfani da shi. Ɗaruruwan kamyo suka yi layi a Malanbil, aka tare gada da kwantena. A watan Oktoba gwamnati ta rage kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin ɗari, daga miliyar 3,291 zuwa miliyar 1,981 na sefa.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, kuma cikin watan Maris aka buɗe iyaka da Najeriya. Benin ma ta buɗe ɓangarenta, amma magabatan Yamai suka bar nasu a rufe, bisa dalilan tsaro da suka bayyana, zargin da Benin ta musanta. Taƙaddamar ta kai ga bututun mai na kusan kilomita 2,000 da ya taso daga Agadem ya ratsa ƙasar Dandi zuwa tashar Seme, inda a watan Mayun 2024 Benin ta hana lodin mai na ɗan lokaci. Har shekarar 2025 gadar ba ta koma aikinta na da ba.

Kaya dai ba su daina zuwa ba, sai dai hanyar ta yi tsawo. Wasu suka koma tashar Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja su shigo ta Tera. Wasu suka zagaya ta Najeriya su ɓullo ta Kamba. Mutane da ƙananan kaya kuwa suka koma kwale-kwale. Kowane buhu da ya tsallaka ruwa sai an sauke shi daga mota, ɗan dako ya kai shi bakin gaɓa, mai jirgi ya haye da shi, wani ɗan dako ya fitar, a sake lodi. Hannu huɗu ko biyar ke nan a wurin da da taya kaɗai ke wucewa, kuma kowane hannu da ladansa. A ƙarshe mai cefane ne ke biyan su duka.

Matakan sassauci

Cikin wannan hali ne gwamnati ta shiga ɗaukar matakai. An amince da ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000. A farkon shekarar 2024 ma'aikatar kasuwanci ta ƙayyade farashin buhun shinkafa. Daga 23 ga Yuli litar fetur ta koma sefa 499, wato dala ɗari ba tamma guda, gazuwal kuma ya sauko daga 668 zuwa 618. Mai karatu zai tuna cewa a watan Agustan 2022 ne aka ɗaga gazuwal daga 538 zuwa 668. Ragin bai mayar da shi inda ya fito ba, amma ya rage zafi.

Daga 1 ga Satumban 2024 aka rage kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya da tiyata da rabi a asibitocin gwamnati, aka mayar da haihuwa kyauta, aka soke jikka 150 da masu wankin ƙoda ke ajiyewa kafin a fara yi musu aiki. A watan Oktoba, bayan ambaliyar da ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya har ta sa aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga watan, aka rage farashin siminti da kimanin kashi 35 cikin ɗari, tan ɗaya ya koma jikka 55 a Yamai. A watan ne kuma aka hana fitar da hatsi, gero da dawa da masara da shinkafa da wake, zuwa ƙasashen waje, ban da Mali da Burkina Faso.

Bayan waɗannan akwai tsohon makami, wato sayar da cimaka a farashi mai rahusa ta hannun ma'aikatar OPVN, wadda aka kafa tun 1970. Shekaru da dama ana sayar da buhu mai kilo 100 a kan jikka 13 lokacin bazara da tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, kuma akan rarraba shi tiya-tiya don ya kai ga magidanta da yawa.

Babu mai musun cewa matakan nan sun taɓa aljihu. Kamyon da ya sha lita 400 ta gazuwal ya tsira da jikka 20 a tafiya guda. Malamin lakwal da matarsa ta haihu a asibitin gwamnati bai ci bashi ba. Magidancin da ruwa ya rushe wa ɗaki ya samu ƙwarin gwiwar sake gini da bulo maimakon laka.

Tsakanin takarda da kasuwa

Sai dai doka a takarda daban, farashi a teburin mai awo daban, musamman a gari irin Gaya. Kaya kamar ruwa yake, gangare yake bi. Idan abu ya yi araha a wannan gefen iyaka ya yi tsada a wancan, zai nemi hanyar fita ko da dare ne.

Batun mai ya isa misali. Shekara da shekaru fetur ɗin Najeriya mai tallafi ne ke cike giɓin da ke akwai a garuruwan kudu. Da tallafin ya tafi, masu kabu-kabu da masu mota suka koma gidajen mai na hukuma, buƙata ta hau kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Aka kuma rage farashi a daidai lokacin da ya tashi a maƙwabta. A watan Maris na 2025 ƙasar ta faɗa ƙarancin fetur, layuka suka yi tsawo a gidajen mai, har sai da aka nemo tankoki daga Najeriya. Araha ba ta da amfani ga wanda ya iske famfo a bushe.

Ƙayyade farashi ma haka yake. Idan kuɗin da ɗan kasuwa ya kashe kafin buhu ya iso mangazarsa ya haura farashin da hukuma ta yanke, abu uku ne ke gabansa: ya sayar da asara, ya ɓoye, ko ya daina kawowa. Akwai masu ɓoye kaya don haɗama, kuma hukuncinsu daidai ne. Amma akwai kuma wanda lissafi ne kawai ya ƙi fita. Shinkafa ba ta sauko sosai ba sai da Indiya ta janye haninta a ƙarshen Satumban 2024, farashin duniya ya faɗi.

Hana fitar da hatsi kuwa takobi ne mai kaifi biyu. Ma'aikaci da ɗan birni sun ji daɗinsa, don tiya ta yi sauƙi. Manomin da ya saba kai wakensa Kamba ko Malanbil ya samu farashi mai kyau shi ne ya biya. Ita ma Benin a 2024 ta hana fitar da masararta, wadda kasuwar Gaya ta daɗe da dogaro da ita. Kowa ya rufe rumbunsa, kasuwar da ke tsakani ce ke ramewa.

Game da asibiti, akwai abin tunawa. A 2006 aka ayyana magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Manufar ta yi kyau, mata suka yi ta kai yara, amma baitulmali ya riƙa jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, bashi ya taru, kantunan magani na asibiti suka bushe, aka koma rubuta wa iyaye takarda su je su saya a waje. Rabin kuɗin da aka yafe wa majinyaci a 2024, wani ne zai biya shi. Idan bai iso kan kari ba, tarihi zai maimaita kansa.

Wa zai gina?

A nan ne maganar ta haɗu da ɗaya ɓangaren, wato ayyukan raya karkara. Tsadar rayuwa ba a kasuwa kaɗai take ba. Ƙauyen da babu hanya, manominsa yana sayarwa da araha ya saya da tsada. Matar da ke tafiyar awa biyu neman ruwa ta biya da ƙarfinta. Aji na zana da ake sake ginawa kowace kaka haraji ne da iyaye ke biya ba tare da rasit ba.

An gwada hanyoyi da dama. A 2001 shugaba Tandja ya ƙaddamar da shirinsa na musamman, da kuɗin yafiyar bashi ta ƙasashe matalauta, da burin gina aji dubu da ɗakin shan magani dubu da ƙananan madatsun ruwa. Gine-ginen sun isa ƙauyukan da ba su taɓa ganin siminti na gwamnati ba. Amma an yi ta kokawa cewa wasu ba su yi ƙarko ba, wasu kuma an gama su babu ma'aikaci ko kayan aiki, domin daga sama aka tsara su, kuma ba a tanadi kuɗin kula da su ba.

Ranar 24 ga Yulin 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, aka girka kwamin 265 a faɗin ƙasa. A gundumar Gaya ta yau akwai shida: Gaya, Bana, Bengu, Tanda, Tunuga da Yelu, bayan an cire Jundu ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Doka ta ɗora wa kwamin nauyin lakwal ta firamare, rijiyoyi, kasuwanni, tasha da tsaftar gari. Kuɗin shigarta kuwa daga lampo ne, da tikitin kasuwa, da kuɗin tasha, da kason da gwamnati ke mayar mata daga wasu haraji. A 2008 aka kafa hukumar ANFICT don ta riƙa isar da tallafin gwamnati da na abokan arziki ga ƙananan hukumomi, amma abin da ke shiga asusunta bai taɓa yin daidai da nauyin da aka sauke musu ba.

Ga Gaya akwai wani abin dubawa na daban. Kuɗin duwan na ƙasa ne, baitulmali yake tafiya kai tsaye. Kamyon da ya farfasa titin gari, ya cika shi da ƙura da shara, harajinsa Yamai ya nufa. Abin da ke saura a gari shi ne na gefe: kuɗin tasha, hayar mangaza, cinikin mai abinci, ladan ɗan dako da na mai fito da kaya. Da gada ta yi shiru, wannan na gefen ne ya fara ƙafewa, tare da abin da ma'aikatar magajin gari ke samu daga gare shi.

Hannun baƙo da hannun gida

Gaskiya ce sananniya cewa yawancin manyan ayyukan yankin da kuɗin waje aka yi su. Tun shekarun 1990 ƙasar Suwis ta zauna a Gaya: ta taimaka wajen shimfiɗa hanyoyin karkara, da tsara yadda ƙauyuka za su kula da dazuzzukan giginya na Dallol Mawri su kuma ci moriyar itacen da murucinsu, da asusun tallafa wa ƙananan ayyuka wanda jama'a ke zaɓar abin da za a gina su kuma zuba nasu kason. Ƙasar Luksambur ta yi aiki mai yawa a jahar Doso. A 2016 Amurka ta sa hannu kan yarjejeniyar MCC ta dala miliyon 437, wadda ta ƙunshi gyaran hanyar Doso zuwa Bela, da ta Margu zuwa Gaya ta Falmai, da ta karkarar Sambera. A Disamban 2022 aka ƙulla ta biyu, ta dala miliyon 504, tsakanin Amurka da Benin da Nijar, don hanyar Kwatano zuwa Yamai. Bayan juyin mulki aka dakatar da kason Nijar.

Akwai kuma aikin da ya zama abin misali. A watan Janairun 2016 aka yi bikin buɗe layin dogo na kilomita 143 daga Yamai zuwa Doso, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, da niyyar ya zarce Gaya ya haɗu da na Faraku. Rigimar shari'a a Benin ta tsayar da aikin, jirgin bai yi jigilar da aka yi alkawari ba, dogon bai iso Dandi ba.

Da hannun baƙo ya janye, magabata suka juya ga na gida. A watan Oktoban 2023 aka kafa asusun FSSP na haɗin kai don ceton ƙasa, wanda ke karɓar gudummawar jama'a, da dala biyu-biyu da ake cirewa daga kiran waya da tikitin mota, da wani kaso daga kuɗin mai. An ce kuɗin na tsaro ne, da taimakon waɗanda rikici ya raba da gidajensu, da ayyukan wadata ƙasa da abinci. A watan Afrilun 2024 kuma aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe su. Masu goyon baya suna ganin an rage siyasa da ɓarna. Masu ɗari-ɗari suna tambaya: idan babu kansila da talaka ya zaɓa, gaban wa za a karanta lissafin kuɗin kasuwa?

Arzikin da ba ya bin gada

Abin mamaki shi ne Gaya na cikin wuraren da bai kamata su ji tsoron rufe iyaka ba. Nan ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara. Ga kogi, ga fadamun Dallol Mawri da Dallol Foga, ga rake, rogo, dankali, mangwaro, kifi da gishirin Foga. Ga filayen noman shinkafa irin na Tara, ƙarƙashin kulawar ma'aikatar ONAHA da aka kafa a 1978. Ga tsibirin Lete mai kiwo, wanda kotun duniya ta tabbatar wa Nijar ranar 12 ga Yulin 2005.

Gwamnati ta sa noman rani a sahun gaba cikin shirinta na manyan filayen ban ruwa, kuma wannan ita ce rahusar da ba ta ƙarewa da ƙarewar kasafin shekara. Amma buhun shinkafar Tara ba zai kori na Indiya ba sai an haɗa masa abubuwa huɗu: wutar da za ta juya famfo ba yankewa, taki a kan kari, injin casa na kirki, da hanyar da mota za ta bi cikin watan Agusta. Duka huɗun nan ayyukan gini ne da kulawa. Ashe ke nan gina ƙauye da rage tsada ba abu biyu ba ne. Ɗaya maganin yau ne, ɗaya na gobe.

Abin da ya rage

Ɗan kasuwa da ma'aikaci sukan zargi juna: wannan ya ce wancan ya cika haɗama, wancan ya ce wannan ya cika karɓar na goro a kan hanya. Amma a Gaya jirgi ɗaya ya ɗauko su, kuma buƙatunsu ba su da wuyar lissafawa. A san adadin buhunan OPVN da suka iso kowace kwamin, a liƙa shi a ƙofar ma'aikata kowa ya gani. A mayar wa asibitoci kuɗinsu cikin lokaci. A zauna da ƴan kasuwa kafin a yanke farashi, a kuma rage shingayen da ke tsakanin Gaya da Yamai, domin kowane shinge yana da nasa kaso cikin kuɗin tiya. A bayyana abin da kasuwa da tasha suka tara da abin da aka gina da shi. A ware wa garuruwan iyaka wani abu daga arzikin da ke ratsa su. Kowane sabon gini kuma a faɗi wanda zai gyara shi idan ya tsage.

Sama da duka akwai gada. Tsaron ƙasa ba abin wasa ba ne, kuma magabata ne suka san abin da suka gani. Amma Dandi ɗaya ce a gaɓa biyu na kogi, harshe ɗaya, aure ɗaya, kasuwa ɗaya, tun kafin a ja layi a taswira. Duk ragin da za a sa wa hannu a Yamai, ba zai kai ragin da kamyo ke kawowa ba idan ya tsallaka ruwa a kan tayarsa. Allah ya ba shugabanni ikon daidaitawa, ya kawo damina mai albarka, ya sa talaka ya ci ya ƙoshi.